Tsiron da Kawu Hulayyil ya ba kare

Kawuna Hulayyil, yayan mahaifiyata, bai taɓa wuce tsiro a hanya bai kira shi da sunansa ba. Mutane ne yake wucewa. In ka tare shi ka ce, "Kawu, ba ka gan ni ba ne?" sai ya ce, "Na gan ka. Kai ai ka san sunanka, me zan ƙara maka?"

A Hisma aka haife shi, cikin hamada mai jan rairayi. Ya kama akalar raƙumi tun tsawonsa bai kai gwiwar raƙumin ba, bai kuma sake ta ba sai da hannu ya ƙi. Bai shiga makaranta ba, bai shiga soja ba kamar sauran 'yan'uwansa. Ya je aikin hajji sau ɗaya, ya dawo ya cika mana kunne da labarin ciyayin da ya gani tsakanin Tabuka da Madina, har limaminmu ya gaji ya ce, "Abu Nazzal, Ka'aba fa? Ka samu ka leƙa ta kuwa?" Abu Nazzal ake kiransa saboda babban ɗansa, Nazzal.

Yadda yake aikinsa ba shi da wuyar faɗa. In ya ga tsiro, sai ya fara duba ko mai mutuwa ne in zafi ya shigo, ko mai tsayawa. Mai mutuwa ciyawa ce ko da ta kai ƙugu. Mai tsayawa itace ne ko da bai wuce tafin hannu ba. Daga nan sai ya tsinki ganye ya tauna, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, domin a baki ake raba mai gishiri da mai zaƙi. Raƙumi yana bukatar duka biyun. Masu zaƙi irin su arfaj da nasi su cika masa ciki, rimt ya ba shi gishiri. In ya daɗe a kan mai zaƙi kaɗai, sai ka ga dabba tana lalacewa alhali cikinta cike yake. Abu na ƙarshe, wa ke ci. In raƙumi na ci, tsiro ya samu suna na mutunci. In tumaki ne kawai, ya dai samu suna. In kuwa babu dabbar kirki da ke kallonsa, amma ya yi kama da wani tsiro na kirki, sai a ba wanda ya dace da shi: albasar dila, kankanar jaki, da irinsu. Mafi ƙasƙanci shi ne a ba kare. Tsiron da aka ba kare, mutum ba ya sa shi a baki, ba ya kuma bari a ga raƙumansa a kai. Wanda aka ce garkensa na kiwo a kan abin kare, ya samu laƙabin da jikokinsa za su gada.

Ba Kawu ne ya ƙirƙiro wannan ba, haka kowa ya taso ya gani. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne harshensa, da kuma cewa bai taɓa janye suna ba. In mutum biyu suka yi gardama a kan wani ɗan ganye, sai a naɗe shi a gefen rawani a kawo masa. Ya tauna, ya tofar, ya faɗi suna, magana ta mutu. Ko ka ga abin da ya fi kama da gaskiya, sai dai ka haɗiye.

Mu mutane ma bai ƙyale mu ba. Matarsa Fidda, a wurinsa, rimt ce. "Babu daɗi a baki," in ji shi, "amma in babu ita garke ya watse." Ita kuma takan ce, "Kai kuwa harmal ne. Kore shar daga nesa, ko akuya ba ta yarda da kai ba." A haka suka tsufa tare, kuma ban taɓa jin ya yabi shayin da ba ita ta dafa ba. Ni kuwa tun ranar da na bar kiwo na koma tuƙin babbar mota ya yanke mini hukunci: albasar dila. "Daga nesa ka yi kama da mutumin kirki," ya ce, "sai an matso." Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma sunan ya bi ni har gidan surukaina.

Sai ruwa ya ɗauke mana. Sanyi, wanda shi ne daminarmu, ya zo ya wuce babu ɗigo, wani sanyin ya sake zuwa ya wuce. Rimt ɗin da ba ya mutuwa ya koma tsinke. Masu tumaki suka sayar, masu raƙuma suka fara kallon arewa. Muna da wani suruki a Harra, ƙasar baƙin dutse, sunansa Za'al, wanda ake kira Abu Sanad. Ya aiko cewa su an yi musu ruwa, ciyawa ta fito tsakanin duwatsu, Kawu ya kawo garkensa. Nazzal yana bakin aiki a birni, don haka albasar dila aka nema. Na samo abokan tuƙi, muka gurfanar da raƙuma a bayan motoci muka ɗaure su, suna kuka kamar za a kai su mahauta.

A garin Ma'an muka tsaya, domin haƙorin Kawu na can ciki ya hana shi sakat tun kafin mu tashi. Wani mai cire haƙori ya cire shi, ya cusa masa auduga, ya ce kada ya tauna komai sai wurin ya warke. Muka ci gaba da tafiya, kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai a ciki. Bai yi magana ba har Harra, kuma ban taɓa jin daɗin tafiya da shi kamar wannan ba.

Da rana tsaka muka isa. Za'al ya tara mutanensa, an yanka rago, kuma ashe ya riga ya cika musu baki cewa baƙon da ke zuwa ya san sunan kowane tsiro da Allah ya halitta. Mutanen Harra masu tumaki ne, ba su cika damuwa da gishiri da zaƙi ba. A wurinsu tsiro biyu ne: wanda tunkiya ke ci da wanda ake hura wuta da shi. To a gefen zangonsu akwai wani fili na busasshiyar laka, inda ruwa ke kwanciya in an yi shi, bakinsa kuwa cike da wani ɗan itace mai launin toka, gaɓa-gaɓa kamar rimt amma ya fi shi kauri. Ba mu da irinsa a Hisma. Muna cikin sauke raƙuma wani dattijo mai son wasa ya karyo reshe ya miƙa wa Kawu.

"To, malamin ciyawa, wannan fa? Mu dai itacen wuta muke ce masa. A taimaka mana da suna."

Kowa ya zuba masa ido yana jira. Kawu ya juya reshen, ya shinshina. Ya kai shi kusa da baki, sai ya tuna da auduga. Da wani ne da ya ce a bari sai ya warke. Amma idanu sun yi yawa, Za'al kuma yana murmushi irin na wanda ya kawo kaya masu kyau kasuwa. Sai Kawu ya juya wurin Shu'aila, tsohuwar taguwarsa da yake ji da ita fiye da wasu 'ya'yansa, ya kai mata reshen hanci. Ita kuwa yanzu aka sauke ta daga mota, ƙafafunta na rawa, ko dabino aka ba ta ba za ta kalla ba. Ta kau da kai ta yi gurnani.

Kawu ya jefar da reshen. Ta cikin auduga ya ce, "Rimt ɗin kare."

Aka fashe da dariya. Dattijon ya ce, "Wallahi ya dace da shi!" Kafin a gama cin rago sunan ya zaga tantuna, mata suna aika a karyo musu rimt ɗin kare su dafa shayi.

Da farko komai ya tafi daidai. Ciyawar Harra mai zaƙi ce, laushi gare ta, raƙuma suka ci suka yi tozo. Kawu yana kora su yamma kullum, nesa da filin lakar. In wata ta miƙa wuya wajen can sai ya jefe ta, kuma dutse ba ya ƙaranci a Harra. Na riƙa kawo musu ruwa a tanka daga nesa, ina kwana biyu a zangon in koma.

Ana nan sai na zo wata rana na tarar da wata taguwa tana taunar tsohon ƙashin rago. Wata tana lasar tayar motata. Sun cinye igiyar tanti, sun cinye rigar Kawu da aka shanya. Nononsu ya koma lami, kamar ruwan da aka nuna wa madara daga nesa. Gashi ya fara zuba, gyambo ya fito wa wasu a wuya da cinya. Kowa ya san ciwon, yunwar gishiri ce. Na ɗauko buhun gishiri daga garin Azraƙ, suka lashe, ya ɗan taimaka, amma ya ninka musu ƙishirwa, ruwa kuwa abin da tanka ta ɗauko ne kawai. Kawu ya ce gishirin buhu ba ya zama a jikin raƙumi, sai wanda ya shiga ta ganye. Ya yi ta yawo a ƙasa yana neman rimt na gaskiya, gabas da arewa, ya dawo takalmansa sun yage. Babu. Komawa Hisma kuwa komawa ce ga tsinke.

Wata budurwar taguwa, wadda take ɗauke da cikinta na fari, ta gurfana da safe ta ƙi tashi. Muka ɗaga, muka roƙa, muka zaga, a banza. Da yamma aka yanka ta. Kawu bai ci naman ba.

Washegari muna karyawa, ni da shi a bakin tanti, Inna Fidda ta ciro gurasa daga toka, ta karkaɗe ta, ta gutsura mana. Irin gurasar nan ce mai kauri da ake binnewa cikin garwashi. Na kai baki na ce, "Inna, yau hannunki ya yi nauyi a gishiri. Ko kin ɗauka mu ma raƙuma ne?"

"Ban sa gishiri ba," ta ce.

"To daga ina?"

"Gishirin gidan nan duk na juye wa dabbobi tun tuni. Toka ce."

"Tokar me?"

"Tokar itacen karen kawunka. Da me kake zaton nake hura wuta, da addu'a?"

Na dubi Kawu. Ya duƙufa a kan gurasarsa kamar an ba shi aikin ƙirga ramukan da ke jikinta. Inna Fidda ta zauna, abin da ba ta saba yi ba in maza na ci, ta gyara mayafinta.

"Ɗan ƙanwarka da ba ya bambanta arfaj da tsintsiya ya ji gishiri a loma ɗaya," ta ce. "Kai da harshenka ke gane rimt ɗin gabas da na yamma, kullum kana cin gurasar nan tun da bakinka ya warke. Ba ka ji komai ba, Abu Nazzal?"

"Gurasa ba raƙumi ba ce."

"Na sani. Gurasa ba ta gurfana ta ƙi tashi."

"Ba kowane mai gishiri ne abinci ba," ya ce. "Akwai wanda ke kumbura ciki, dabba ta mutu kafin azahar. Na gani da idona."

"To ka ɗanɗana mana mu ji. Ai aikinka ke nan."

"An ba kare."

"Wa ya ba shi?"

Ya ci gaba da juya gurasarsa. A nan na gane ya daɗe da sani. Kullum yana zaune yana taunar shaidar a bakinsa, yana kora raƙumansa yamma. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Mutum ne da duk abin da ya mallaka a idon jama'a shi ne in ya faɗi suna ya zauna. Ga shi a ƙasar mutane, ya faɗi suna a gaban dattawansu ba tare da ya ɗanɗana ba, kuma babu wanda ya taɓa jin an karɓo tsiro daga hannun kare.

Inna Fidda ta miƙe tana tattara kwanuka. "Shu'aila ta yi tuntuɓe jiya wajen tashi," ta ce. "Na ga ka gani."

Ranar Juma'a bayan an sauko, maza suka taru a tantin Za'al kamar yadda suka saba. Kawu ya sa rigarsa mai kyau, wadda raƙuma ba su samu ba, ya ce in biyo shi. A hanya ya ratse filin laka ya karyo reshe babba, ya riƙe shi a fili, ba ɓoyo. Muka yi sallama muka zauna. Aka zuba masa gahawa, ya karɓi finjalin ya ajiye a ƙasa bai sha ba. Hira ta tsaya cak, domin baƙo ba ya ajiye gahawa sai yana da bukata.

Za'al ya ce, "Sha gahawarka, Abu Nazzal. Abin da ka zo nema ka samu, in yana hannuna."

"Ba ya hannunka, Abu Sanad. Yana hannun karenka. A kira mini shi."

Aka dubi juna. Za'al yana da wani tsohon kare mai kunne ɗaya da ke gadin tumaki, ba a barinsa ya matso tanti. Aka yi masa fito, ya zo ya tsaya daga bakin igiya yana mamakin wannan girma da ya same shi da tsufa. Kawu ya miƙe, ya ajiye reshen a gabansa.

"Ranar da na zo na ba ka wannan," ya ce wa karen, da murya irin ta gaban alƙali. "Na ba ka ban ɗanɗana ba, bakina da auduga, taguwata da jiri. Ga kayanka. In kana so, ɗauka."

Karen ya shinshina reshen, ya yi atishawa, ya juya ya tafi abinsa.

"Kun shaida mai shi ba ya so?"

Dattijon nan mai son wasa, wanda ya fara miƙa masa reshen, hawaye na zuba don dariya, ya ce, "Mun shaida! Wallahi ko kallo na biyu bai yi masa ba."

"To na karɓa."

Babu wanda ya taɓa ganin an yi haka, a Hisma ko a Harra. Amma ya yi shi da fuska a ɗaure, kamar abin da ya gada daga kakanni, har na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa haka mutanen kudu suke yi. Kawu ya ɗauki reshen, ya karkaɗe, ya tsinki gaɓoɓin ya zuba a baki. Ya lumshe ido. Dariya ta mutu, domin kowa ya san abin da ake cewa game da mai cin abin kare, kuma ga dattijo yana ci a gabansu da rana tsaka. Ya tauna ya haɗiye, bai tofar ba. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har reshen ya koma tsinke.

"Itace ne, mai tsayawa," ya ce. "Mai gishiri ne, ya fi rimt ɗinmu ƙarfi, da bauri a bayansa. Wa ke ci, ban sani ba tukuna. Kada raƙumi ya taɓa shi sai na ga abin da zai yi mini."

Sannan ya ɗauki finjalinsa ya shanye gahawar da ta huce.

Abin da ya yi masa, duk zangon ya gani. Kafin la'asar cikinsa ya fara ƙugi kamar motata a kan tudu. Harra kuwa ƙasa ce da ba ta da sirri. Babu tudun rairayi, babu kwari, duwatsun ba su wuce gwiwa ba. Wuri ɗaya ne mutum zai tsuguna a rufa masa asiri, shi ne bayan wannan itacen. Haka Kawu ya yi ta sintiri da buta tsakanin tanti da filin laka, ranar da washegarinta, mata suna kau da kai, maza suna ɗaga masa hannu daga nesa.

"Abu Nazzal, yaya bincike?"

"Yana tafiya," yake cewa, bai tsaya ba.

Inna Fidda ta dafa masa shih, wani ganyen maganin ciki, ta ba shi, tana cewa, "Sha. Wannan dai ba a ba kowa ba." Idonsa ya faɗa, ƙafarsa ta yi sanyi, har na ce ko in kai shi asibiti. Ya ce in kai kaina. Da cikin ya lafa sai ya zauna ya yi bayani, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ba guba ba ce, in ji shi, da guba ce da kansa ya yi nauyi, da harshensa ya mutu. Ƙarfi ne ya yi masa yawa. Kada a ba dabba da yunwa, sai ta cika ciki da mai zaƙi. A fara da busassun kawunan, ba ɗanyen ba. Kada a shayar da ita nan take.

Sauran gwaji ɗaya, kuma ba a yin sa da dabbar da ba a so. Na ce ya fara da wani gurgun amale da ke garken, in ya mutu ba a yi asara ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Shi ya sa kake tuƙa mota," ya ce. "Wannan ko guba ya ci ba zai gaya mini ba. Shu'aila na san yadda take kallo in abu ya dame ta."

Da hantsi, bayan ta yi kiwo, ya ja ta da kansa zuwa filin laka. Ta tsaya tana dubansa, don ta tuna duwatsun da ta sha a kan wurin nan. Ya tsinko da hannunsa ya kai mata baki, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ban ji duka ba, amma na ji kalmar haƙuri a ciki, abin da Inna Fidda ta ce ita ba ta taɓa samu ba. Taguwar ta karɓa. Ta tauna, ta tsaya, sai ta ture shi gefe da wuya ta kama itacen da kanta. Da ƙyar ya janye ta kafin ta wuce ƙima.

Ya gurfanar da ita kusa da tanti ya zauna a gabanta. Rana ta take, ta karkata, bai tashi ba. Yana taɓa cikinta, yana duba idonta, yana sa kunne a haƙarƙarinta. Mutanen Za'al suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna tsayawa daga baya, babu mai tsokana yanzu. In ta kumbura, ya kashe ta da hannunsa, kuma garken ba shi da sauran mafita. Can wajen la'asar sakaliya ta yi wata doguwar gyatsa, abin ya taso mata, ta fara tuƙa a hankali, idonta a lumshe.

Kawu ya share fuska da gefen rawani. "Wa ke ci," ya ce. "Raƙumi."

Washegari ya kai sauran, kaɗan-kaɗan. Su ma sun yi irin sintirinsa, sai dai su ba su nemi buta ba. Wata tsohuwa da ciwon ya riga ya ci ƙarfinta ba ta tashi ba, muka rasa ta. Sauran suka daina cin igiya. Gyambo ya bushe, gashi ya dawo, nono ya koma da ɗan gishirinsa yadda muka san shi. Tayar motata ma ta huta.

Sai maganar suna, domin tsiro ba ya zama haka. Kawu ya yi tunani, ya zo da abin da yake ganin kyauta ce. A gaban mutane ya ce, tunda a gurasarta aka gano shi, za a kira shi gishirin Fidda.

Daga bayan labulen tanti muryarta ta fito. "Ka karɓo daga hannun kare ka ba ni? Kare ma ya ƙi, sai ni? Mayar masa."

Aka yi ta dariya har Za'al ya ƙware da shayi. Kawu ya ce to zai sake tunani. Bai samu dama ba. Mutanen Harra sun riga sun gama nasu tunanin tun ranar buta, kuma abin da suke kiransa a tsakaninsu shi ne tsugunar-da-Hulayyil. Na zaci ranar da ya ji za a yi tashin hankali. Dattijon nan ne ya suɓuce ya faɗa a gabansa, sannan ya kama baki. Kawu ya riƙa juya sunan kamar yadda yake juya ganye a harshe.

"Suna ne mai kyau," ya ce. "Duk wanda ya ji shi zai san kada ya ba raƙumi da yawa. Nawa bai faɗi wannan ba."

Da ruwa ya dawo Hisma muka mayar da garken gida. Ya rayu shekaru bayan haka, ana kawo masa ganye a gefen rawani kamar da. Abu ɗaya ya canja: in bakinsa ba lafiya, ko mura ta toshe masa hanci, sai ya ce a dawo wani makon, ko da sarkin ƙasa ne ya aiko. Ni dai bai canja mini suna ba. Na taɓa tambayarsa ko ba za a kira dila a tambaye shi ba, ko shi ma ba ya so. Ya ce dila ya riga ya karɓa. Ya rasu a tantinsa da sanyin wata shekara mai ruwa, Inna Fidda ta bi shi ba da daɗewa ba. Jikokin Shu'aila suna hannun Nazzal, wanda ya bar birni ya dawo kiwo.

Bara aiki ya kai ni Harra da tankar ruwa. Na tsaya a bakin wani filin laka, nesa da zangon Za'al, wurin mutanen da ban sani ba. Wani makiyayi yana kora raƙumansa daga kan itacen nan mai launin toka, suna ƙi. Na yi kamar ban san komai ba na tambaye shi sunansa.

"Tsugunar-da-Hulayyil," ya ce. "Yana da kyau, amma kaɗan ake ba su, kuma sai sun ƙoshi."

"Wane ne Hulayyil ɗin?"

"Oho. Wani ne dai can da. Ko wane ne, Allah ya ji ƙansa, da alama ya sha wuya."

Na ce amin, na buɗe masa famfon tanka.